Makauniyar Taga da Fuskar Gwaggo Dije

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Gwaggo Dije, ƙanwar mahaifinmu. Na san irin wannan rubutu da yabo ake cika shi, a ce marigayiya mai haƙuri ce, mai fara'a, ba ta taɓa ɓata wa kowa rai ba. Ni dai ba zan yi wa Gwaggo ƙarya ba, don ko da tana raye ba ta ɗaukar wannan. Ba ta da fara'a. Bakinta ya fi barkono zafi, kuma ta ɓata wa mutane da yawa rai, har da ni mai wannan rubutu. Amma akwai abu guda da ta tsare kusan duk rayuwarta, wato fuskokin waɗansu tsofaffin mata, kada kowa ya gan su suna karɓar sadaka. A ƙarshe tata fuskar aka ɗauka aka yi talla da ita, kuma ɗan da ta goya ne ya yi.

Sai na fara da gidan, don wanda bai san gidan ba ba zai gane girman abin da aka yi mata ba.

A wani lungu cikin unguwar Kabara yake. Kakan mahaifinmu ne ya gina shi, wani Bafulatani da ya gaji da bin shanu ya sayar da rabi ya zauna a birni. Abin da muka ji daga manya shi ne, a wata shekarar yunwa ya ga wata mata da ya sani, wadda a da ita ke ciyar da mutane, tana tsaye a ƙofar wani gida da ƙwarya a hannu. Da suka haɗa ido sai ta juya ta fuskanci bango, ta tsaya a haka har ya wuce. Magina ya kira, ya ce su gina masa gida na matan da ƙarfinsu ya ƙare kuma ba su da mai riƙe su, ya mai da shi waƙafi. Sharaɗi ɗaya ya gindaya musu: mai bayarwa kada ya ga mai karɓa.

Duk ginin a kan wannan sharaɗin ya tsaya. Daga waje ba zanko, ba zane, ba komai da zai sa a nuna shi da yatsa, bango ne kawai na tubali da yaɓen makuba kamar na kowa. In ka shiga zauren sai ka ji sanyi ya sauko maka, ka ɗaga kai ka ga bakan gizo ya riƙe azara, aiki mai kyau da aka ɓoye shi a ciki. Daga zauren ba ka hango tsakar gida, don hanyar sai ta karya hagu ta sake karyawa dama. Ƙofofin ɗakunan ba wadda ke kallon 'yar'uwarta. Ta baya kuma akwai wata 'yar ƙofa da ke fita wani siririn lungu, ta nan sabuwar zuwa ke shigowa da ƙunshinta ba tare da 'yan zaman dakali sun ga shigarta ba.

Sai kuma tagar. Rami ne a jikin bangon zauren, daidai ƙugun mutum, ya shiga ciki ya lanƙwasa kamar gwiwar hannu sannan ya ɓulla ta ɗaya ɓangaren. An shafe cikinsa da laso, simintin gargajiya da ake haɗawa da katsi, wato ragowar rinin marinar Ƙofar Mata, kwanuka sun goge shi har yana sheƙi. Za ka tura kwanonka iya tsawon hannunka, wani hannu ya ɗauke daga can inda idonka ba ya kaiwa. Makauniyar taga ake ce mata. Da yamma kusan kowane gida a layin sai ya aiko da nasa, tuwo ko dambu ko ɗan kunu, washegari a tarar da kwanukan a zaure an wanke su tas. Ba mai cewa ga na wane, ba mai cewa wance ce ta ci.

Gwaggo ta karɓi kula da gidan bayan mijinta ya rasu, ba ta kuma sake aure ba. Ita ta ƙara wa dokar kakanta tsanani. Ta hana matan yin godiya ta tagar, don a cewarta murya ma fuska ce. Duk wanda ya turo kwano, muryarta kaɗai zai ji, a daƙile, tana cewa Allah ya karɓa. Ta hana kiran suna a cikin gidan, kowace da sunan ɗakinta ake kiranta: Ta-Gabas, Ta-Bakin-Rijiya, Ta-Ƙurya. Na yi shekaru ina shiga gidan, ina yi wa Ta-Gabas kitso, muna hira har da dariya, ban san sunanta na yanka ba. Na taɓa tambayar Gwaggo ko wace ce, ta dube ni sama da ƙasa ta ce ashe karatun bokon nawa bai raba ni da gulma ba.

Akwai wata Hajiya daga bayan gari da ta zo da zannuwa cike da mota, ta ce ita da hannunta take so ta ba kowace, ta ji daɗin ganin farin cikinsu. Gwaggo ta tare bakin hanya ta riƙe ƙugu.

"Hajiya, in fuska kika zo gani, ga tawa. Ba ta da kyau, amma kyauta ce. Zannuwan kuma ga taga can."

Hajiya ta koma da kayanta cikin fushi. Matan sun yi asarar zannuwa a ranar, kuma na san a cikinsu akwai wadda ta so a ce an bar ta ta karɓa. Gwaggo ba ta tambaye su ba. Haka take, in ta tsare maka mutunci sai ta tsare shi ko kana so ko ba ka so.

Yanzu sai Sabo, wanda duniya ta sani da Alhaji Sabo. Ɗan baffana ne, na girme shi da 'yan shekaru. Mahaifiyarsa ta rasu yana jariri, Gwaggo ce ta goya shi, ta yaye shi, ta yi jinyar ƙyandarsa. Ya girma ya samu duniya ta hanyar kwangila, ya yi ƙiba, ya fara jin ƙamshin siyasa, sai ya kafa gidauniya da sunansa. Ya zo wa Gwaggo da batun zai gyara gidan, ya zamanantar da shi, a kira manyan baƙi su ga abin da zuriyarmu ta daɗe tana yi. Ya ce don Allah zai yi. Tana tsince wake a faifai, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Sabo, wanda ka ce dominsa za ka yi, bango ba ya tare masa gani. In yaɓe za ka yi mana, ga bango nan. In kallo kake so, tafi gidan zu."

Ya yi dariya irin ta wanda aka kunyata a gaban direbansa, ya tashi. Sabo bai iya faɗa ba tun yana yaro, amma ya iya jira.

Hawan jini ciwon gidanmu ne. Ya kayar da kakanmu, ya kayar da mahaifina, wata safiya kuma ya kayar da Gwaggo a bakin rijiya. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Da aka sallamo ta daga asibiti na so in tafi da ita gidana. Muka tsaya a lungun don a ɗebo kayanta, sai ta kama bakin 'yar ƙofar bayan nan da hannun hagu ta ƙi saki, tana nuna ciki da haɓa. Muka gane. Ɗakin ƙurya ba kowa a lokacin, nan muka shimfiɗa mata. Matan gidan, waɗanda ta yi shekaru tana yi musu tsawa, ba wadda ta sake ce mata Dije. Ta-Ƙurya suka koma kiranta, kuma na ga alamar hakan ya yi mata daɗi. Ina koyarwa a lokacin, in na taso daga makaranta sai in wuce can, in yi mata wanka, in zauna a bakin taga ina amsa Allah ya karɓa a madadinta.

Ba a rufa wata biyu ba Sabo ya tara mazan dangi. Ya ce gidan na neman rushewa a kan tsofaffi, abin kunya ne ga zuriya. A nan bai yi ƙarya duka ba, don an yi damina biyu ba a yi yaɓe ba, indararo ɗaya ma ya faɗi. Na ce a yi yaɓen, a gyara indararon, a bar sauran yadda mai gidan ya bar shi. Wani baffanmu da Sabo ya kai Makka ya ce mini aure ya riga ya fitar da ni daga gidan, in yi shiru maza na magana. Wadda ta isa ta hana tana kwance a ƙurya, tana jin komai, ba ta iya cewa uffan.

Aka kawo ma'aikata. Suka lulluɓe tubali da siminti, suka shafa fenti kalar tutar jam'iyyarsa. Suka rushe karyewar hanyar nan biyu, wai don iska ta shiga, ta yadda mai tsaye a titi zai hango har igiyar shanya. Suka toshe ƙofar baya saboda tsaro. Tagar kuwa rabin yini ta ɗauke su, don lason ya ƙi fasuwa, sai da suka sa babbar guduma. A wurinta aka sa ƙatuwar tagar gilashi da kanta, irin ta kantin magani. Kowane bugu Gwaggo na ji daga ɗakinta. Ina riƙe da hannunta na hagu, duk saukar guduma sai ta matse nawa.

An ce mini da la'asar za a yi bikin buɗewa. Da hantsi aka yi, ranar aiki, kuma ba kuskure ba ne. Wata maƙwabciya ce ta kira ni ina cikin aji. Na iso na tarar da rumfa da lasifika da motoci sun cike layin. An jera matan a kan kujerun roba a ƙofar gida, cikin rana, kowace an ɗora mata ƙaramin buhun shinkafa a cinya mai hoton Sabo a jiki. Duk sun sunkuyar da kai, wani yana bin su yana cewa su ɗago su yi murmushi. A tsakiya, a keken guragu sabo fil, ga Gwaggo. Ɗankwalinta ya zame, furfurarta a waje, yawu na bin gefen bakin da ya karkace. Sabo ya durƙusa a gefenta yana ɗora atamfa a kan mataccen hannun, fuskarsa na kallon masu ɗaukar hoto.

Hannun hagun nan nata yana ta aiki. Sai ta jawo mayafi a hankali ta kai shi goshi, wata ma'aikaciyar gidauniya ta sauke shi cikin ladabi tana cewa, "Iya, bari a ga fuskarki mana." Ta sake jawowa, aka sake saukewa. Na kutsa ina ihu, masu gadinsa suka riƙe ni, mai lasifika ya ƙara murya yana jero alheran Alhaji. Kafin in kai gare ta an gama abin da aka zo yi. Da na tsuguna ina gyara mata ɗankwali ba ta kalle ni ba. Ba ta yi kuka ba. Idonta na kan gilashin da ya maye gurbin tagar.

Hoton ya fito a jarida, ya hau allon talla, ya zagaya wayoyi. A ƙarƙashinsa an rubuta cewa wannan ɗaya ce daga cikin tsofaffin da danginsu suka yasar, gidauniya ta ceto. Ba a ce gwaggonsa ce ba, ba a ce a bayanta ya yi fitsari ba. Na same shi a ofis na tambaye shi ko yana tsoron Allah. Ya ba ni lemo, ya ce in kwantar da hankalina, ai ba wanda zai gane ita ce, kuma a duk hotunan nata ne ya fi taɓa zuciyar mutane.

Ita Ta-Gabas kuwa an gane ta. A makon nan na san sunanta, ni da duk garin. Ashe matar wani attajirin fatauci ce da ya karye kafin ya mutu, tana kuma da 'ya tilo da ke aure a wani babban gida, inda aka san cewa uwar na ƙauye wajen 'yan'uwa. Ita ta zaɓi haka don kada a raina mata 'ya. Sai ga dangin mijin 'yar suna zuwa rukuni-rukuni, wai gaisuwa, suna leƙe ta gilashi. Ta jure 'yan kwanaki, sannan ta ɗaure ƙunshinta. Ta nufi ƙofar baya bisa sabo ta tarar da bulo. Dole ta juyo ta fita ta gaba, da rana tsaka, ta ƙarƙashin allon da ke ɗauke da sunan Sabo, 'yan dakali na kallo. An ce an gan ta a tasha. Mun nema, 'yarta ma ta nema har ta gaji, ba mu sake jin ɗuriyarta ba.

Gwaggo ta juya ta fuskanci bango. In na kawo cokalin kunu sai ta datse haƙora, ƙarfin da ya rage mata ke nan kuma ta yi amfani da shi. Na roƙe ta, na yi mata faɗa, na kawo malami ya yi mata nasiha, sai ta karɓi ruwa kaɗan ta mai da fuska inda take. Ta rasu kafin saukar ruwan farko. Sabo ne ya tsaya a sahun gaba wajen jana'iza, ya kuma yi kuka sosai, an ɗauka a hoto.

Nakan tambayi kaina me za ta ce in ta ga zamanin nan. Yau ba a ba marar lafiya ruwan leda sai waya na sama tana ɗaukar hoto. Ana tara zawarawa a fili a ƙirga su da lasifika, a sa su ɗaga buhu sama su yi addu'a da ƙarfi, a maimaita in hoton bai fito da kyau ba. Masu karɓar ma sun koyi yadda ake langaɓar da kai. Ina jin da ba za ta ce komai ba, tsaki kawai za ta yi, irin nata mai tsawo da ke sa babban mutum ya duba rigarsa.

Gidan yana nan, in za a kira shi gida. Siminti ya riƙe ruwa a ciki, ƙasar ta ruɓe a ɓoye, yanzu yana ɓallowa falle-falle da fentinsa. Bakan gizon ya tsage. Maƙwabta sun daina aiko da kwano tun daga ranar bikin, kowa ya ce ai Alhaji ya ɗauke nauyi, shi kuma Alhaji da zaɓe ya wuce bai sake bin layin ba. Matan da suka rage, masu mutuwa suka mutu, masu tafiya suka tafi, sabuwa kuwa ko ɗaya ba ta zo ba, don ba macen da ta san ciwon kanta da za ta kai tsufanta bayan gilashi. Kwanaki na ga waɗansu masu kishin kayan tarihi sun zo suna auna azara suna jimamin bakan gizo. Na tsaya na ce musu a nan akwai wata taga. Suka tambaye ni ko ina da hotonta. Ba ni da shi, ba a yi ta don hoto ba.

Hoton Gwaggo kuwa bai tsufa ba. Duk azumi sai gidauniyar ta sake fito da shi ana neman taimako. Jikokin danginmu da ba su riske ta ba, da wannan fuskar suka san ta, in ma sun san ita ce.

Bara ciwon gidanmu ya zo kan Sabo. Ɓarin dama, kamar nata. 'Ya'yansa suka rufe gida, suka ce likita ya hana ganinsa, jarida ta ce yana hutawa a ƙasar waje. Ni dai ba su iya hana ni ba, don yanzu ni ce gwaggon. Babban ɗansa ya tare ni a falo, yaro mai ladabi, ya ga waya a hannuna ya rage murya.

"Gwaggo, don Allah ban da hoto. Baba ba zai so a gan shi a haka ba."

Na ce masa ya yi gaskiya, Allah ya yi masa albarka. Ya ja ni muka bi wata hanya da ta karya hagu ta sake karyawa dama kafin a kai ɗakin. Ashe Sabo ya san amfanin karyewar hanya, a nasa gidan bai rushe ba.

Yana zaune a keke, hularsa ta karkace, tawul a ƙirji. Ya gane ni, idonsa ya nuna. Na jira yaron ya fita, na jawo kujera na zauna dab da shi, na gaishe shi yadda ya kamata. Sannan na buɗe wayar, na nemo hoton, na riƙe masa shi a gaban fuska. Ya kau da kai iya inda wuyan ke kaiwa, na bi shi da wayar. Ya ɗaga hannun hagu zai kare idonsa, na kama hannun na sauke shi a hankali, cikin ladabi. Ya sake ɗagawa, na sake saukewa. Na riƙe har sai da hawaye ya gangaro ya haɗu da yawun, kuma ban yi nadama ba, ko a lokacin ko yanzu.

In an tambaye ni me ya rage na Gwaggo Dije, ba gidan ba ne, ba tagar ba ce, wancan hoton kuma ba ita ba ce. Abin da ya rage shi ne abin da ta bari a jikina, zafin nan nata da kuma dokar. Allah ya jiƙanta, ya suturta ta a inda ba mai sauke mata mayafi. A ranar da na je wurin Sabo na mai da wayar jaka ba tare da na ɗauki komai ba, na goge masa baki, na daidaita masa hula. Da zan fita na ja labulen har ƙarshe, na duba ko akwai wata kafa da mai aiki zai leƙo ya gan shi, na toshe ta. Shi bai yi mata ba, amma a gidanmu haka ake yi.